Yadda Farfesa Ya Kashe Mini Ƙararrawa

Tun da abin nan ya faru, kowa a unguwarmu yana ba da labarinsa yadda ya ga dama, ana dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba. Ni ne mai ƙararrawar, kuma a kan idona aka yi komai, saboda haka zan faɗi yadda aka yi daki-daki, sannan in faɗi abin da nake nema a yi mini.

Ƙararrawar ta tagulla ce, mai mariƙin katako wanda tafin hannuna ya goge har yana sheƙi. Da ita na shugabanci makarantar firamaren unguwarmu tun ina da baƙin gashi har na yi furfura, kuma ranar da na yi ritaya aka ba ni ita kyauta a gaban iyayen yara. Tana da ƙa'ida. Bugu guda, kowa ya yi tsit. Dogon kaɗawa, an tashi, kowa ya kama hanyar gida. Duk wanda ya girma a unguwar nan da wannan ƙa'ida ya girma, tana cikin ƙashinsa ko ya so ko ya ƙi. A riƙe wannan, za a buƙace shi a gaba.

Sai kuma Farfesa. Ƙanin matata ne, autansu. Babu jami'ar da ta ba shi wannan suna, shi ya laƙaba wa kansa, kuma ni da na koyar da shi na san inda karatunsa ya tsaya. Sana'arsa haɗa kiɗan finafinai da na talabijin, shi da abokin aikinsa Dogo. Dogo ke tsara baiti ya rera, Farfesa ya ɗora kiɗa da fiyano da kwamfuta. Sun fara da tallan maganin sauro a rediyo, wanda ya yi daɗi har yara suka mayar da shi waƙar wasa, sai dai babu wanda ya san sunan maganin, domin sun manta ba su saka shi a waƙar ba. Daga nan suka shiga finafinai. Wasu waƙoƙin nasu sun karɓu, wannan ban musa ba.

Ana nan sai aka fitar da wani fim, a ƙarshensa aka rubuta sunan Dogo a sama, na Farfesa a ƙasa. Daga ranar suka daina magana da juna. Rabuwa kuma ba ta yiwu ba, domin masu fim su biyun suke nema tare. Sai suka raba yini. Dogo ya zo da safe ya rera baitinsa a makirfo babu kiɗa, ya tafi. Farfesa ya zo da rana ya ɗora kiɗa. Idan tsautsayi ya haɗa su a ƙofa, duk wanda ke kusa shi ne ɗan aike.

Wata rana na dawo daga gaida wani abokina, na tarar an fito da littattafaina an jibge su a baranda kamar kayan gwanjo. Na leƙa ɗakin karatuna. Bangon nan da nake fentawa da hannuna an manne shi da kwalayen ƙwai daga sama har ƙasa, ƙarni ya cika ɗakin, ƙudaje har sun fara kai ziyara.

Na ce, "Hajiya, me nake gani haka?"

Matata ta ce, "Malam, rufin sitidiyonsu ne ya rufta. Auta ya samu babban aiki, na ce ya ɗan raɓe a nan kwana biyu."

Farfesa ya fito daga ƙarƙashin teburina da waya a baki, ya cire ta ya ce, "Yaya Malam, ka gode wa Allah! Tarihi ne ya shigo gidanka. Gidan talabijin za su fara sabon wasa mai dogon zango, Darakta ya ce kiɗan duk namu ne. Idan kashi na farko ya ƙayatar, shi ke nan, aiki har mu tsufa."

"Kwalayen nan fa?"

"Suna hana sauti fita."

"To ya aka yi nake jin ka tun daga bakin titi?"

"Wannan ai sautin ne yake da ƙarfi, ba laifin kwali ba ne."

Da na san abin da zai biyo baya, da a ranar na watso masa kayansa waje. Amma Hajiya ta yi mini irin kallon nan nata, ni kuma na haƙura.

Washegari Farfesa ya tara mu a tsakar gida, ni da Hajiya da Tela maƙwabcinmu, ya bayyana mana shirinsa. Wai duk masu kiɗan fim raggaye ne, komai daga kwamfuta suke ciro shi. Shi sautin gaskiya zai ɗauka. In ruwa ne, ruwa na gaske. In tsawa ce, tsawa ta gaske. Wai idan mutane suka ji, sai an riƙa fitar da su daga ɗakin kallo a sume.

Tela ya ce, "Yanzu da rani, ina za ka samo tsawa?"

Farfesa ya ce, "Kai dai ka ci gaba da ɗinkinka. Ni ba na jiran damina, damina ce ke jirana."

Ya samo fallen kwano, ya hau katangata da shi, ya ɗaura makirfo a reshen bishiya, ya shiga girgiza kwanon nan. Gaskiya ya yi kama da tsawa. Matan layin duka suka fito a guje suna kwashe shanya, wata har ta yi tuntuɓe da bokiti. Da suka ɗaga kai suka ga rana fetal da Farfesa a kan katanga, abin da suka faɗa masa ba zan rubuta ba. Kuma duk makirfo ya ɗauka, don haka tsawar ba ta yi amfani ba.

Sai ruwan sama. Ya hau rufin ɗakin karatuna da garwa cike, ya riƙa tsiyayawa a kan kwano. Bai duba inda indararo ya nufa ba. Indararon kuwa a kan teburin Tela yake zuba, inda ya shimfiɗa farin yadin mutane yana shirin yanka.

Tela ya fito da almakashi a hannu yana cewa, "Farfesa! Sauko! Wallahi sauko in auna ka!"

"Tela, yi shiru, ana ɗauka!"

"Ni ma ɗaukar ka zan yi!"

Ni na shiga tsakani, ni na ba da haƙuri, a kan laifin da ban yi ba.

Sai tsuntsayen asuba. Ya aro zakara, ya ɗaure shi a ƙafar kujerata ta karatu, ya kafa masa makirfo. Zakara ya yi gum. Farfesa ya lallashe shi, ya yi masa cara don ya kwaikwaya, ya kashe fitila ya kunna wai ya zaci gari ne ya waye. Zakara ya dube shi kawai, sannan ya yi abin da kaji ke yi a kan dardumata. Bai yi cara ba sai da aka kashe na'ura na kwanta baccin rana.

A cikin wannan hali na shiga ɗakin wata rana na tarar da shi yana kallon wasan a kwamfuta. Hoto na motsi, bakunan mutane na motsi, amma babu magana.

Na ce, "Ina muryoyinsu?"

Ya ce, "Sifika ɗaya gare mu, Yaya Malam, kuma fiyano ke amfani da ita."

"To ta yaya za ka san abin da suke faɗa?"

Ya yi dariya irin ta wanda ke tausayin jahili. "Masu koyo ne ke sauraren magana. Ni fuska nake karantawa. Duba nan." Ya nuna mini wata mata ta fito a guje, ta kama rigar wani saurayi a bakin ƙofa tana hawaye, mutane suka kewaye su. "Ka gani? Masoyi ya dawo daga doguwar tafiya. Kukan murna ke nan. Nan ne ƙarshen kashi na farko, nan zan zuba kiɗan da ba a taɓa ji ba."

"Baitin Dogo me ya ce a wurin?"

Ya ɓata rai. "Ba na sauraren muryar mutumin nan, tana sa ni ciwon kai. Ina ganin zanenta a kwamfuta, inda ta hau da inda ta sauka. Ya ishe ni."

Na ce masa ko ɗan aji ɗaya ba ya amsa tambayar da bai ji ba. Ya ce kiɗa ba aji ba ne.

Da safe na tare Dogo a ƙofa. Mutum ne mai sanyi, kullum kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na ce, "Dogo, ka gaya wa abokinka labarin wasan nan kuwa?"

Ya ce, "Malam, Darakta ya ba ni labari, na yi baitina. Shi mai kiɗa bai tambaye ni ba."

Sai ga Farfesa ya shigo da wuri. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon wani gefe.

Farfesa ya ce, "Yaya Malam, gaya masa ya daina bar mini kujera da ɗumi, ba na so."

Dogo ya ce, "Malam, gaya masa kujerar ba ta gidansu ba ce."

Na ce, "Kujerar tawa ce, kuma ni ba masinjanku ba ne!"

A ranar ce idon Farfesa ya sauka a kan ƙararrawata, tana ajiye a kan wata kanta a falo.

"Yaya Malam! Wannan ce! Bugun zuciyar masoya! Ara mini ita na ɗan lokaci."

Na ce, "A'a."

"Zan sa a rubuta sunanka a talabijin."

"Sunana yana nan lafiya inda yake. Ƙararrawar nan ba abin wasa ba ce. Ba ta taɓa kaɗawa a banza ba, kuma ba za ta fara a hannunka ba."

Na faɗa da Hausa, a fili, a gaban Hajiya. Ina so a rubuta wannan.

Bayan 'yan kwanaki na je asibiti a duba mini ido. Ina dawowa na ga Tela ya rufe shago da rana tsaka yana zaune a ƙofar gidansa, ya rasa abin da ke masa daɗi. Mai Kemis, wanda shi ma ɗalibina ne, ya tsallako titi ya ce, "Malam, ashe an dawo da kai aiki? Ɗazu na ji an kaɗa tashi, wallahi sai da na tsinci kaina ina neman jakata."

Tela ya ce, "Ni sai da na sa kwaɗo na iso gida sannan na tuna ina da jikoki."

Na shiga gida na ɗauki ƙararrawata. Mariƙin da maiƙo. Farfesa ya ce gwaji kawai ya yi, Hajiya ta ce ita tana kicin ba ta ji komai ba, alhali unguwa guda ta ji. Na saka ta a kabad, na kulle, na sa makulli a aljihu. Abin da na manta shi ne, kabad ɗin nan makullinsa biyu ne, kuma ba ni ke riƙe da ɗayan ba.

Ranar nuna kashi na farko ta zo. Darakta ya kama babban ɗakin taron unguwa, ya gayyaci Manajan gidan talabijin, aka cika maƙil da 'yan unguwa. Farfesa bai kai kiɗan ba sai da mutane suka zazzauna. Darakta na ta zufa a bakin ƙofa yana cewa bari ya ɗan saurara tukuna, Farfesa ya ce, "Darakta, ana ɗanɗana aikin yara ne. Nawa sakawa kawai ake yi."

Aka zaunar da ni a sahun gaba kusa da Manaja. Na gyara tabarau na dubi dandamali, sai na ga wani ɗan tebur, a kansa ƙararrawata, an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya kamar akuyar sayarwa. Na juya na dubi Hajiya. Ta duƙufa tana neman wani abu a jakarta.

Farfesa ya hau dandamali cikin wata riga mai ƙyalli, ya yi jawabi mai tsawo a kan kansa. Ya ce a tanadi ƙyallen share hawaye. Ya ce wannan ƙararrawa da ake gani ita ce sirrin aikin. Dogo yana can ƙarshen dandamali, ya harɗe hannu yana kallon silin.

Aka fara. Wasan ba laifi. Ruwan garwa ya fito, kuma in ka kasa kunne za ka ji Tela daga nesa yana cewa a sauko ya auna mutum, amma Manaja ya zaci cikin wasan ne. Labarin wani dattijo ne mai jinya, da ɗansa da ya tafi nemo magani. Aka zo ƙarshe. Saurayin ya iso ƙofar gida da magani a hannu. Matar nan ta fito a guje, ta kama rigarsa tana kuka, kuma a karon farko Farfesa ya ji abin da take faɗa.

"Yaya, ka makara! Baba ya cika!"

Wata mata a bayana ta fara shessheƙa. Muryar Dogo ta shigo a hankali, tana cewa gida ya zama kango, inuwar da muke fakewa ta tafi.

Sai kiɗa ya faɗo. Ganguna, fiyano, tafi, har da zakaran nan, wanda ashe daga baya an samu an ɗauki muryarsa, ya yi cara a tsakiya. Kiɗan rawa sosai, irin wanda ƙafa ke bi ba da izinin mai ita ba. A allo ana fito da makara, a sifika ana cashewa. Manaja ya cire tabaransa ya goge ya mayar. Darakta ya dafe kai da hannu biyu.

A daidai lokacin da saurayin ya durƙusa a gaban gawar mahaifinsa, sai ƙararrawata ta shigo. Ba bugu guda ba. Dogon kaɗawa, cikakke, yadda nake yi da hannuna.

Mai Kemis ne ya fara miƙewa. Ya rantse mini daga baya cewa bai san ya tashi ba. Tela ya bi shi. Wani direba daga baya ya ɗaga murya ya ce, "An tashi!" Shi ke nan. Magidanta masu gemu, iyaye mata masu goyo, kowa ya miƙe ana dariya ana ture-ture, ana tsallake benci, ana rige-rigen ƙofa kamar yaran da aka tsare tun safe. Wani yana ihu a ajiye masa wuri a filin ƙwallo. Har Darakta sai da ya yi taku biyu wajen ƙofa kafin ya tuna taronsa ne, domin shi ma ta hannuna ya bi.

Farfesa ya ruga tsakiyar dandamali yana cewa, "Ku dawo! Ba a gama ba! Akwai sunaye!" Babu wanda ya ji. Sai ya juya wajen Dogo, ya yi masa magana baki da baki, abin da bai yi ba tun rigimar suna.

"Kai! Me ya hana ka gaya mini mutuwa aka yi?"

Dogo ya ce, "Ai fuska kake karantawa."

"Munafuki!"

"Kurma!"

Don ya dawo da jama'a, Farfesa ya fizgi ƙararrawata ya shiga kaɗawa da dukkan ƙarfinsa. Dogon kaɗawa kuma! 'Yan kaɗan da suka rage suka ƙara sauri. Na miƙe ina cewa, "Bugu guda, sakarai! Guda!" Dogo ya kama mariƙin yana cewa ya ajiye kayan mutane, Farfesa ya riƙe yana cewa sakar mini, suka ja, suka ja, ƙararrawa ta kuɓuce, ta tashi sama, ta sauko a kan siminti a gaban takalmin Manaja.

Na ɗauke ta. Na cire jan ƙyallen na jefar. Na hau dandamali, na tsaya yadda nake tsayawa a gaban layi, na dubi bayan mutanen da ke cunkushe a ƙofa. Na san bugu guda daga hannuna zai tsayar da su cak, domin bai taɓa kasawa ba. Na ɗaga hannu, na buga.

Ta ce, ƙwas. Kamar an jefa cokali a tsohon gwangwani.

Waɗanda ke ƙofa suka waiwayo. Mai Kemis ya ce, "Malam, mura take yi?" Dariyar da aka yi a nan ta fi ta farko, kuma wannan karon ni ake yi wa.

Manaja ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce wa Darakta wasan yana da kyau, a nemo wasu masu kiɗan. A allo kuwa sunaye na wucewa babu mai kallo. Ni kaɗai na gani. Wanda ya tsara su ya manta da Farfesa da Dogo gaba ɗaya, sai layi guda da Farfesa ya dage a saka, wai godiya ta musamman ga Malam mai ƙararrawa.

Yanzu ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. A cire sunana da muryar ƙararrawata daga wasan nan kafin a nuna shi a ko'ina. A ɓanɓare kwalayen ƙwai daga bangona, a yi fenti, a wanke darduma. Hajiya ta miƙo makulli na biyu. Kuma Farfesa ya ɗauki ƙararrawata da hannunsa, a ƙafa, ta babban titi, ya kai ta wurin maƙerin tagulla, ya tsaya a kai har ta dawo da muryarta. Maƙerin ya riga ya duba tsagin ya ce ko an like ba za ta koma kamar da ba. Wannan matsalar Farfesa ce, tun da ya ce shi gwanin sauti ne.

Jiya ya zo gidana, shi da Dogo, wai sun shirya, suna tafe suna hira kamar ba su ba. Na zaci haƙuri suka zo bayarwa, har na gyara zama. Farfesa ya ɗauki ƙararrawar ya ɗan buga, ta ce ƙwas. Ya lumshe ido, ya dubi Dogo, Dogo ya gyaɗa kai.

"Yaya Malam, mun samu wani wasan barkwanci. Akwai wani wawa a ciki, duk inda ya shigo ana son sauti. Wannan ce daidai. Ara mana ita."

Sandata tana jingine a bayan ƙofa. Ita dai ba ta tsage ba.